Zanen da Na Wanke

Ambulan ce mai ruwan ƙasa ta fara ɗaukar idona, a kan teburin Hajiya, an danne ta da kofin shayi don kada iskar fanka ta kwashe ta. Makullin sito na shiga karɓa. Takardar ta leƙo rabi daga cikin ambulan ɗin, ni kuwa tun ina makaranta na iya karanta rubutu a juye. Wata ƙungiya ce a Kaduna ke ba gidanmu gurbi ɗaya, a tura ma'aikaciya ta yi kwas na wata huɗu kan kula da yaran da suka rasa iyaye.

A lokacin ina shekarata ta uku a wani ƙaramin gidan marayu a Yelwa. Mu biyar ne masu kula da yara, sai mai dafa abinci, sai Hajiya, wadda ta buɗe gidan bayan ta aje aikin koyarwa. Ban ko yi shakka ba cewa ni za a tura. Ni ce na gama sakandare da sakamako mai kyau, ni ke rubuta wa Hajiya rahoto, ni ke tara yara ina ba su labari har su manta da wasa. Kuma ni ce mai karanta littattafan soyayya, waɗanda nake haya a wani shago kusa da tasha, in ɓoye a ƙarƙashin matashi. A cikinsu duk yarinyar da ta tafi birni kwas ba ta dawowa yadda ta tafi. Akwai wani likita mai sanyin murya da zai tsaya da mota ranar da ake ruwan sama. Kafin in isa sito da makullin, na riga na zaɓi kalar mayafin da zai gan ni da shi. A wannan makon har tela na kai atamfa biyu.

Sai Hajiya ta zaɓi wata abokiyar aikina, mutuniyar garin Wara.

Ta girme ni da shekara huɗu, don haka Yaya nake kiranta. Ɗiyar masunta ce, gajera, tafin hannunta duk tabon ƙayar kifi. In tana karatu sai ta bi layi da yatsa, leɓenta na motsi. Ba ta san bambancin humra da turaren kanti ba. Ita kuma Malama take ce mini, da wani ɗan murmushi da ban taɓa gane ko yabo ba ne ko tsokana.

Na daure kwana biyu, a na uku na sami Hajiya na tambaye ta laifin da na yi. Ba ta ɗago daga abin da take rubutawa ba. Ta tambaye ni wane yaro ne a ɗakina yake ɓoye tuwo a aljihu. Na ce babu. Ta ce akwai, kuma wata shida ke nan, Yaya ce ta faɗa mata, ita da ba ɗakinta ba. Sai ta miƙo mini rahoton wata ta ce in gyara mata shafi na biyu.

Wata huɗun nan na yi su da zafi a ƙirji. Kullum na shiga gado sai in ga Yaya a manyan titunan Kaduna cikin silifas ɗinta na roba, tana wuce duk abin da ni zan tsaya in kalla. Atamfofina na karɓo daga tela na jefa su ƙasan akwati.

Da ta dawo, da silifas ɗin ta dawo. Wannan ya fi komai ɓata mini rai, sai na ji kamar an ba marar haƙori nama. Abin da ta ƙaru da shi jaka ce mai rubutu a jiki, da wani ƙaton littafi da ta cika da rubutunta mai kama da sawun kaza, da hoton da suka ɗauka ranar gama kwas. Hajiya ta sa aka yi wa hoton gilashi aka rataye a ofis, daidai inda ake aje makullin sito. Kullum da safe sai mun haɗa ido ni da shi.

Muna da yadda muke karɓar sabon yaro, tun kafin in zo gidan. Ana kawo shi za a yi masa wanka da ruwan zafi, a aske kai saboda ƙwarƙwata, a ba shi sabbin kaya, tsofaffin kuma a kai bayan kicin a ƙone. In ya tambayi uwarsa a ce ta yi tafiya, tana nan dawowa. Mu a wurinmu tausayi ne. Muna cewa a raba shi da wahalar da ya fito ciki, ya fara sabuwar rayuwa.

Mako guda da dawowarta, Yaya ta roƙi Hajiya ta tara mu a gindin mangwaro bayan la'asar. Ta buɗe littafinta, ta bi layi da yatsa, sannan ta rufe shi ta yi magana da bakinta. Ta ce a daina ƙona kaya. Kowane yaro a ba shi kwali ya aje abin da ya zo da shi, ko tsumma ne ko murfin kwalba. A daina cewa uwa ta yi tafiya, domin yaron da aka faɗa wa haka ba ya daina kallon ƙofa, kuma ranar da ya gane, ba zai ƙara yarda da maganarmu ba. Kowane yaro a ba shi mutum ɗaya da ya san tasa ce. In za a yi masa magana a durƙusa daidai tsawonsa. Kuma a riƙa bin sawun dangi, ko da tungar masuntan da za a je sai an shiga jirgin ruwa.

Mai dafa abinci ta gyara ɗaurin ƙirjinta ta ce, "To, Kaduna ta dawo. Yanzu ƙwarƙwatar ma kwali za a ba ta?"

Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Ni na laƙaba mata Farfesa, sunan kuma ya bi ta. In yaro ya yi fitsarin kwance sai mu ce a kira Farfesa ta duba littafi. Ba ta taɓa mayar mana ba. Hajiya dai ta ce a bi abin da ta faɗa, aka bi, ana gunaguni.

Cikin damina, lokacin da ruwa ya cika ya haɗiye gonakin bakin gulbi, aka kawo yarinyar. Jami'in jin daɗin jama'a ne ya kawo ta a bayan babur. Iyayenta na cikin jirgin da ya kife da 'yan kasuwa a hanyarsu ta komawa tunga, ita kuwa an bar ta gida wurin maƙwabta. Shekararta ba ta wuce shida ba. Gashin idonta zara-zara, wuyanta dogo, irin yaran da marubuta ke ɓata shafi guda wajen siffanta su. Ina ganinta na ce wannan tawa ce. Kafin a sauke ta daga babur na riga na sa ta makaranta, na yi mata kitson sallah, na ga kaina ina kuka ranar da za a kai ta ɗakin miji.

Ta rungumo wani zane a ƙirji. Da can shuɗi ne, amma hayaƙi ya mayar da shi kalar bayan tukunya. Uwarta mai bandar kifi ce, zanen aikinta ne, da shi take tsayawa gaban wuta. Warinsa ya riga yarinyar shiga ɗaki: hayaƙi, man kifi, zufa. Da a da ne, ko awa ɗaya ba zai yi ba za a ƙone shi. Yaya ta ce kada wanda ya taɓa. Hajiya kuma ta ba Yaya yarinyar.

Yarinyar ba ta magana. Ba kurma ba ce, an ce a tunga har surutu ake hana ta. Tana zaune ne kawai, ta kama gefen zanen ta ɗora a hanci, tana jan numfashi a hankali. A kwana na huɗu na wuce ta taga na ga Yaya durƙushe gabanta, tana faɗa mata cewa innarta da babanta sun rasu a ruwa, ba za su dawo ba, an yi musu salla an rufe su, kuma ba laifinta ba ne. Na je kicin na ce wannan matar ba ta da zuciya, Kaduna ta cire mata ita.

Daga nan na shiga neman yarinyar kamar yadda ake neman aure. Na saya mata alewa. Na tsefe mata kai na yi mata kitso ƙanana. Na ba ta labarin ɗiyar talaka da ta tashi a wahala ta ƙare a gidan bene. Ba ta ƙi ni ba. Tana barina in yi duk abin da nake so, kamar 'yar tsana, amma idonta na bin Yaya duk inda ta gifta. Ita kuwa Yaya ban ga abin da take yi mata ba. Zama kawai take yi kusa da ita tana tsince shinkafa, wani lokaci awa guda ba wanda ya ce uffan.

A mako na uku, ina zaune ina sa mata lalle, hannunta na cikin nawa, Yaya ta ɗauki bokiti za ta fita. Sai yarinyar ta buɗe baki, muryar a dushe.

"Inna."

Kalmar farko ke nan da ta furta a gidan. Yaya ta aje bokitin ta ce ga ta nan, rijiya kawai za ta je. Ni kuwa na ci gaba da zana fure a hannun da nake riƙe da shi, furen ya karkace. Yaran gidan duk Anti suke ce mana. Shekara uku ina jiran bakin da zai kira ni da wancan sunan.

Ranar wata Juma'a Yaya ta tafi Wara, daga can za ta shiga jirgi zuwa tungar su yarinyar neman dangi, sai Asabar za ta dawo. Ta bar mini amanarta, ta ce ai na fi kowa sabawa da ita. Da hantsi aka kira yara wanka. Yarinyar ta tashi ta bi su, ta bar zanen a kan tabarma. Ranar ce ta farko da ta taɓa barinsa. Daga baya na gane abin da hakan ke nufi, cewa ta fara yarda in ta aje abu za ta dawo ta same shi.

Na daɗe ina gaya wa mutane cewa saboda ƙuda na ɗauka, da tsoron cuta. Akwai ƙuda, gaskiya ne. Amma abin da ke raina shi ne, tunda a hanci take sa shi dare da rana, to ya zama ƙamshina take shaƙa. Na ga yadda abin zai kasance sarai, kamar shafin ƙarshe na littafi: za ta shinshina, ta ɗago, ta faɗo jikina.

Ruwa uku na canza. Na farko ya fito baƙi kamar na rini, na biyu ja-ja, na uku da kumfa fara tas. Shuɗin ya dawo, har da wasu 'yan ganyaye da ba a ganinsu da. Na shanya a rana, na turara shi da turaren wuta, na ɗiga masa humrata, wadda ba na taɓawa sai za ni biki. Duk wannan lokacin yarinyar na zagaya ɗaki tana ɗaga tabarmi, ni kuma ina ce mata ta kwantar da hankalinta, akwai abin mamaki. Bayan azahar na ninke shi na kai mata a hannu biyu.

Ta karɓa ta kai hanci. Ta juya shi ta shinshina wani gefen. Ta bi kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya, sannan tsakiya, sannan ta sake komawa kusurwar farko. Ba ta yi kuka ba. Ta sake shi ya faɗi ƙasa, ta je bayan randa ta zauna ta haɗa kai da gwiwa. Ranar ba ta ci komai ba. Washegari ma haka.

Yaya ta dawo da yammacin Asabar, ƙafarta duk laka. Ta ga yarinyar bayan randa, ta ga zanen a kan taga inda na aje shi. Ta ɗauka ta shinshina sau ɗaya.

"Humrarki ce, Malama."

Na ce datti ya yi yawa, ƙuda na binsa, ko ita ta san ba kyau yaro ya riƙa cusa irin wannan a hanci.

"Datti ne, ban musa ba," in ji ta. "Amma shi kaɗai uwar ta bar mata. Mi ya tsare miki?"

Na jira ta yi faɗa. Na ma shirya amsoshi, har da cewa satifiket ba shi ke sa mutum ya zama uwa ba. Ba ta ba ni damar faɗar ko ɗaya ba. Ta je ta zauna a ƙasa kusa da randa, gefen yarinyar.

Ran Lahadi da safe ta ce in sa hijabi in ɗauko zanen in biyo ta. Muka gangara bakin ruwa, inda mata ke banda a gangunan da aka yanke, hayaƙi ya cika wuri har ido na ruwa. Ta nufi wata tsohuwa da ta san mahaifiyar ita Yaya, ta yi mata bayani a taƙaice, ba ta ce ni na wanke ba. Tsohuwar ta shinshina zanen, ta shinshina iskar da ke kusa da ni, ta ce ba sai an faɗa mata ba. Matan suka fashe da dariya. Wata ta ce in matsa daga gaban wutarta kada kifinta ya ɗauki ƙamshin amarya ya ƙi sayuwa. Tsohuwar ta tambayi wane ice uwar ke hurawa, kuma wane kifi ta fi yi. Na ɗauka tambayar banza ce. Yaya ta ce marke, kifin kuma tarwaɗa, ta gani da idonta a tunga, gangar na nan da sauran toka. Tsohuwar ta ce a bar mata shi kwana uku, za ta ɗaura shi ta yi aiki da shi, rataya kawai ba ta isa ba.

A hanyar dawowa zuciyata ta yi sanyi. Na ce ashe abin mai gyaruwa ne, za a mayar mata ba tare da ta sani ba. Yaya ta tsaya cak ta ce ba za a yi mata ƙarya ba. Hancin da ya san uwarsa ba a ruɗinsa da wata tsohuwa. Za a gaya mata abin da ya faru, kuma ni zan faɗa.

Ran Laraba na durƙusa gaban yarinya 'yar shekara shida, daidai tsawonta, kamar yadda Farfesa ta koyar a gindin mangwaro. Na ce ni na wanke zanen innarta, ban tambaye ta ba, na yi kuskure. Mun kai shi banda, amma ba zai koma yadda yake ba. Ta dube ni, karo na farko da ta dube ni sosai. Ta karɓa ta shinshina, ta ɗan daɗe. Sannan ta ninke shi ta sa ƙarƙashin kanta. Ban ƙara ganinta ta kai shi hanci ba.

Ta fara cin abinci kaɗan kaɗan. Magana kuwa sai da kaka ta wuce. Yaya ta riƙa kai ta wurin matan banda duk ranar kasuwa, ta zauna cikinsu tana miƙa ice, a can bakinta ya sake buɗewa. Ni tana gaishe ni da ladabi kullum safe, amma ba ta ƙara ba ni hannunta in sa lalle ba. Yaya ba ta kai ƙarata wurin Hajiya ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Ina so in ce daga nan kishin ya mutu, amma ba haka aka yi ba. Har yadda ta iya yafewa sai da na yi kishinsa. Abin da na daina kawai shi ne kiranta Farfesa.

Bayan shekara biyu neman da Yaya ke yi ya kai ta ga wata gwaggon yarinyar a wani ƙauye wajen Shanga. Sai da aka yi ziyara huɗu kafin a bar ta ta tafi, da kwalinta a ka. A shekarar ne kuma aka tura ni nawa kwas ɗin, na mako shida, a Birnin Kebbi. Yaya ce ta ba da sunana. Babu likita, babu ruwan sama, malamarmu wata dattijuwa ce mai tari. Rana ta biyu ta yi magana kan kayan da yara ke zuwa da su, ta tambaya ko akwai mai misali daga wurin aikinsa. Na dubi bencina har aka wuce wurin.

Hajiya ta rasu, Yaya ce ke riƙe da gidan yanzu, ni kuma ina nan, na yi aure na haifi nawa. Bara, ranar kasuwa, na gangara bakin ruwa sayen kifi, sai wata mai banda ta tsura mini ido ta cikin hayaƙi, da goyo a bayanta.

"Anti mai turare?"

Gashin idon ne na gane. Nan take idona ya tafi kan majanyin da ta ɗaure goyon da shi, ina neman shuɗi mai 'yan ganyaye, don a littafi da nan za a same shi. Sabuwar atamfa ce ja. Na kasa haƙuri na tambaye ta zanen. Ta yi dariya ta ce ya daɗe da mutuwa, gwaggo ta yi tsumman tukunya da shi tun tana aji biyar, ita ma ba ta hana ba.

Ta yi aure a Yelwa, mijinta na tuƙa jirgi tsakanin nan da Wara. Ganguna uku gare ta, da mata biyu da ke taya ta. Ta tambaye ni Inna, na ce tana lafiya, sai ciwon gwiwa. Ta ce ta sani, ai duk ƙarshen wata tana leƙa ta. Ban taɓa cin karo da ita ba, Yaya kuma ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta juyo da goyon don in ga fuskar jaririyar, ta ce sunan Inna ta gidanmu ta sa mata.

Ta ƙulle tarwaɗa manya guda shida a takarda ta ce in kai wa Inna. Har na juya, sai ta kira ni, ta ɗauko biyu daga kan wuta da zafinsu ta ƙara mini, ta ce waɗannan nawa ne. Wata mai saye ta iso tana tambayar farashi, ta gyara goyonta ta koma gaban gangarta.